Glenys Pardoe da Ɓerayen Rafin Wend

Idan ka ga wata dattijuwa tsundum cikin rafi har cinya, ta lakato wani baƙin abu a kan dutse ta kai hanci, kada ka kira mata likita. Glenys Pardoe ce, kuma aiki take yi. Kashin karen ruwa, wata dabbar rafi mai cin kifi, take shinshinawa. Ta ce ƙamshin ɗanyar ciyawa gare shi da ɗan ƙarnin kifi. Shekara tara ina bin ta da littafi ina rubuta abin da ta gani, har yau ban yarda na kai hancina ba.

Mahaifinta ne ke buɗe wa kwale-kwale ƙofar ruwa a garinmu, don haka a bakin ruwa ta tashi. Ta daɗe tana dafa dankali a makarantar firamare kafin ta koma bin sawun dabbobi. Ba ta da digiri, sai ido da taurin kai.

Da aka zo shimfiɗa sabon layin dogo, aka ce za a cusa Rafin Wend cikin bututun siminti. Doka kuwa ta hana a taɓa gaɓar da ɓeran ruwa ke zaune sai an kwashe shi. Kamfanin da ke ba mu aiki ya tura mu dubawa bayan an kwana huɗu ana tafka ruwan sama. Kowa a sana'ar nan ya san ba a duba rafi bayan ambaliya. Ɓeran ruwa ba ya tsayawa a gaisa. Kashinsa ake nema, da guntayen ciyawar da yake datsewa a karkace, ruwa kuwa ya wanke su tas.

A ofis, Gavin Thurlow, shugabanmu, wanda takalminsa bai taɓa sanin taɓo ba, ya turo mata takarda.

"Madam Pardoe, kun je, ba ku ga komai ba. Sa hannu mu wuce wurin."

"Ɗan nan, in na zo gidanku bayan an share, sai in ce ba kowa a ciki?"

"Motocin haƙa Litinin za su shiga."

"To su shiga da hannunka. Nawa yana ciwo."

"Kin san akwai masu neman aikin nan?"

"Kira su mana. Ka ce su taho da hancinsu."

Wallahi ni ma da aikin nake ci. Ita ko a jikinta. Ta ɗauki ragowar biskit ɗin da ke kan teburinsa ta fita.

Washegari ruwa ya fara janyewa. Ta yanko katako guda shida, ta ɗaure su da igiya suna yawo a kan rafin, kowanne da yankan tuffa a kai. Ba wanda ya aike ta. Ranar Lahadi muka koma, gwiwarta a kumbure, tana dogara sanda tana zagin ƙaya. Huɗu daga cikin katakon sun cika da kashin ɓeran ruwa, tuffar kuma ko ɓawo babu. Ta ɗauki hotuna, ta tsallake Gavin, ta aika wa hukumar kula da namun daji kai tsaye.

Aka tsayar da aiki wata bakwai, sai da lokacin kama ɓerayen ya zo. Kamfanin bai sake kiran ta ba, kuma labari ya zaga sauran kamfanonin cewa matar nan fitina ce. Rafin ma bai tsira ba, yana cikin bututu yanzu, kuma abin yana ci mini rai duk lokacin da na wuce.

Amma ranar da aka kwashe kejin ƙarshe na ɓerayen zuwa wata fadama, ta zo ta tsaya a bayan shinge, tunda an hana ta shiga. Gavin ya hango ta.

"Hankalinki ya kwanta? Kin tsayar da jirgin ƙasa saboda ɓeraye."

"Nawa kuka kama?"

Ya waiwayi mai motar da ke ɗaukar kejin.

"Talatin da ɗaya," in ji mai motar.

"Talatin da ɗaya," ta maimaita. "Da yanzu suna ƙarƙashin siminti, da sunana a kai."