Kanwa a Gindin Barkono

Shekarar da ciwo ya cinye mana rabin garke, dagaci ya ba mu wata 'yar fadama a gefen Roni. Ni na fi kowa murna. Tun ina goye ake yawo da ni, na gaji da ɗaure ƙore a bayan takarkari. Maigida kuwa ya karɓi gonar ne yana yatsina fuska. Ya ce zai gwada barkono sau ɗaya. In ya kama mun zauna, in ya ƙi mu kwashe mu bi 'yan'uwa.

Mutum ne mai tausayin ƙananan abubuwa. Da irin ya tsiro, sai ya ɗauke shi tamkar 'yan maruƙa. Mu kuma abin da muka tashi muka sani, dabba in ta rame kanwa ake ba ta. Haka ya riƙa jiƙa kanwa a ƙwarya yana shayar da tsiron, har da ɗan fitonsa na kiran shanu. Ganye ya yi ɗorawa, ya langaɓe. Bawan Allah ya ƙara kanwa.

Ni kuma ragowar irin da ya maƙale a tsumma na watsa a wani fasasshen tulu bayan bukka, cikin rairayi da tsohon kashin shanu da ya zama gari. Ruwan rijiya kawai nake yayyafa masa, in na tuna.

Wata safiya ya ce, “Ki fara haɗa kaya. Ƙasar nan ba ta son mu.”

Na tono tsironsa guda, na tono nawa guda, na nufi gidan maƙwabciyarmu, wata tsohuwa da ta ƙare ƙuruciyarta a lambu. Ta karkaɗe su a hankali ta ɗaga a rana. Saiwar nawa ta cika da wani farin gashi siriri, ƙasa duk ta manne masa. Tasa ta yi ja, sumul.

“Da wannan gashin yake shan ruwa, 'yar nan,” in ji ta. “Wancan an ƙone masa. Me kuka ba shi?”

“Kanwa, Inna.”

“Kanwa? Saniya ce?”

Ta yi dariya har da riƙe ciki. Da ta huce ta ce in za mu dasa nawa, mu ɗauko shi da ƙasarsa, da yamma, kada mu fizge, kada kuma mu dame gindin da ruwa.

Saura gaya wa mai shi, ga kunya irin tamu. Na jera su biyu a faifai kusa da furarsa, na ce, “Malam, ɗaya mai gashi ne, ɗayan kuma kanwa ta yi masa sanƙo.” Ya daɗe yana dubawa. Sai ya gyara hularsa, don shi ma nasa sanƙon ya yi nisa, ya tuntsire da dariya.

Mun dasa nawa nesa da inda kanwar ta taɓa. Da fari suka kwanta, ni ma na kasa cin abinci. Sannan suka miƙe.

Ranar da ya ga sabon ganye, ya leƙo bukka ya ce, “Ina igiyar kaya?”

Na miƙa masa ba na iya kallonsa. Ya zaro wuƙa ya yayyanka ta gunduwa-gunduwa, ya tafi ɗaure shinge don kada awaki su shiga masa barkono.