Guɗar da Inna Ta Ƙi Yi

Ni ne ɗan fari a ɗakinmu, saboda haka har na kai shekara ashirin ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba. In tana nemana sai ta ce da ƙanwata, "Je ki ce da wancan tuwo na hucewa." In na shigo tsakar gida sai ta sami abin kallo a gindin murhu. Jikokina in na ba su wannan labari sai su ce ashe ba ta sona. Ku tafi can! Kunyar ɗan fari ce, haka muka tarar ana yi, kuma duk wanda ya ga girman malmalar da ake ajiye wa wancan ɗin ba sai an yi masa bayani ba.

Abin da aka san Inna da shi guɗa ce. A ƙauyenmu, nan tsakanin Bakori da Funtuwa, ba a cika biki ko suna ba ta je ba. In ta kama hanci ta rangaɗa, masu cirar auduga a bayan gari sai sun miƙe sun dafa ƙugu suna tambayar gidan wa aka haihu.

Da kakar shekarar da aka fara yaƙin basasa sai motar majigi ta fara zuwa mana. Mai jawabin wani saurayi ne ɗan boko daga birni, da tsukakken wando da gilashi, muka sa masa Malamin Lasifika. Ya nuna mana sojoji suna maci, takalma na ƙyalli, suna cin burodi suna dariya. Kai! Ni da na wuni a sunkuye cikin auduga har bayana ya ƙage, sai na ji duniya ta tafi ta bar ni. Ni da abokina, wanda gonarsu ke maƙwabtaka da tamu, muka kalli juna, ba sai mun yi magana ba.

Akwai wani tsohon soja a garinmu da ya je yaƙin Bama. Shi ne ya ɗaga murya daga kan tabarmarsa ya ce, "Malam, to ina waɗanda suka faɗi? Ko wannan yaƙin ba a harbi a cikinsa?" Aka yi dariya. Washegari 'yan doka suka zo suka tafi da shi, sai da ya kwana shida. Da ya dawo, ko farashin dawa ka tambaye shi sai ya ce gwamnati ta fi shi sani. Daga nan kowa ya kama bakinsa, har masu sauraren rediyo suka koma rage murya in an zo labarin yaƙi.

Sai umarni ya zo wa dagaci cewa za a yi babban taro a Funtuwa don sallamar samarin da suka ba da kansu, kowane gida ya kawo mutum ɗaya, kuma a zo da makaɗa da masu guɗa. Malamin Lasifika da kansa ya zo ya koya mana yadda ake murna. Wallahi koya mana aka yi, a gindin tsamiyar ƙofar dagaci. In ya cire hula, tafi. In ya ɗaga hankici, guɗa. Rana ta yi zafi, bawan Allah ya cire hula zai sosa kai, gari duka ya ɗauki tafi raf raf raf. Ya zaro hankici zai share gumi, mata suka kece da guɗa. Ya yi ta faɗa, mu kuwa muka yi ta dariya har wasu na riƙe ciki.

A ranar ni da abokina muka ba da sunanmu. Baba da ya ji sai kawai ya ce Allah ya tsare, don ya tuna kwana shidan tsohon soja. Inna kuwa ba ta da hanyar ce mini kada in tafi. Matar da ba ta kallon idona, ta ina za ta fara? Sai dai gishiri ya fara yawa a miya. Rannan ina jinta tana ce wa ƙanwata da ƙarfi, alhali yarinyar na kusa da ita, "Audugar nan dai ban san wa zai ƙarasa cire ta ba." Na ji sarai, na yi kamar ban ji ba. Ƙuruciya ce, kuma har yau in na tuna haushin kaina nake ji.

Ranar taro manyan motoci suka yi ta sauke jama'a daga Danja da Malumfashi da Mahuta a filin da ke kusa da tashar jirgi. Aka raba goro. Mu samari aka ɗora mu a bayan wata mota, ana ta kiɗa, ni ina ta ɗaga hannu kamar wanda ya riga ya ci yaƙin. Dagacinmu, mutumin kirki ne amma akwai son a yaba masa, sai ya je ya ce wa Malamin Lasifika, "Ka ga waccan? Duk ƙasar nan ba mai guɗarta. Kuma ɗanta na cikin motar nan."

Malam ya ji kamar an ba shi kyautar doki. Ya ce ai hoton da ake nema ke nan a jarida, uwa na yi wa ɗanta guɗa zai tafi kare ƙasa. Ya sa aka jawo Inna daga cikin mata aka tsayar da ita daidai gindin motar, ni kuma aka turo ni gaba. Mutanen garinmu suka fara ƙus-ƙus, tsofaffin mata suka rufe baki da gefen zane. Uwa ta tsaya gaban ɗan fari ta yi masa guɗa a bainar jama'a? Ko ranar aurensa ba ta yi, ɗaki take shigewa.

Mai ɗaukar hoton Bayarabe ne haifaffen Funtuwa, Hausa a bakinsa kamar tamu. Shi ne ya sauke na'urarsa ya matsa ya ce, "Ranka ya daɗe, an ce ɗan fari ne fa. Ba za ta iya ba, a samo wata." Malam ya ce wannan duk zancen mutanen da ne, ƙasa na cikin yaƙi ana maganar kunya? Ya ɗaga hankici.

Mata suka rangaɗa daga can baya. Inna shiru, kanta a ƙasa. Ya sake ɗagawa. Shiru. Sai ya ce, ta lasifika fa, kowa na ji, "Baiwar Allah, ko ke ba kya goyon bayan gwamnati ne?" Na ga 'yan doka biyu sun gyara tsayuwa. Ni kuwa na san inda wannan tambaya take kai mutum.

Malam ya ce, "Ɗaga kai ki dubi ɗanki, ki yi masa guɗa." Ta ɗaga. Ta dube ni sosai, ido cikin ido, abin da ban taɓa gani ba. Sai ta kira sunana. Ba da ƙarfi ba, amma lasifikar na kusa da bakinta, filin nan duka ya ji. Ta ce, "Sauko."

Ban san lokacin da na diro ba. Ni da nake ta cika baki, sai ga kuka ya zo mini kamar yaron goye. Sajen sojan da ke kula da mu ya yi ta ihu, makaɗa suka rikice, dagaci ya rasa inda zai sa kansa. Aka tafi da ni, na kwana huɗu a rufe ina sharar ofishin 'yan doka. Inna ba a taɓa ta ba, ina jin ba wanda ya san yadda zai rubuta laifin matar da ta kira sunan ɗanta. Da na dawo samari suka yi ta tsokanata, in na wuce sai wani ya siranta murya ya ce sauko. Sai da na yi dambe biyu kafin a bari.

Hoton dai an ɗauka. Da Inna ta ƙi, sai aka kawo uwar abokina, shi ɗa na uku ne, babu kunya a tsakaninsu. Ta yi guɗarta mai kyau, yana kan mota yana dariya, aka buga a jarida, dagaci ya kawo ta gari aka yi ta zagayawa da ita gida gida.

Abokina bai dawo ba. Bayan an gama yaƙi aka aiko da labari, muka je gaisuwa, mata a ciki, mu a zaure. Da za mu tafi uwarsa ta rako Inna har bakin ƙofa, ina tsaye ina ji. Ta riƙe hannunta ta ce, "Ke kin kira naki. Ni guɗa na yi wa nawa."