Zane Tara na Zenaba Mai Turare

Duk wanda ya shigo layin su Zenaba a Sabon Layi da hantsi, hancinsa ne ke fara gaya masa ya iso. Shekara goma sha takwas ke nan tana haɗa turaren wuta a tsakar gidan mahaifinta, Alhaji Laminu, tsohon dillalin shanu da iyayensa suka gangaro Mubi daga Barno. A hannun marigayiya mahaifiyarta ta koyi yadda ake dafa sukari har ya yi danƙo, a juya itacen sandal a ciki ba tare da ya ƙone ba. Da aurenta ya mutu ta dawo gida, sana'ar ce ta rufa musu asiri, ita da tsohon.

Tana da zane tara irin na Barebari a fuskarta, ɗaya daga goshi zuwa karan hanci, sauran a kumatu. Wanzami ya yi mata su ranar suna, kuma ba ta taɓa tsayawa gaban madubi ta ji haushinsu ba.

Khadijatu, ƙawarta mai shagon kayan kwalliya, ita ce ta kawo zancen waya. "Ke Zenaba, duniya ya wuce ki. Yanzu kasuwa a TikTok yake." Ta ɗauke ta bidiyo tana zuba turare a kasko, ta danna wani abu da ta kira filta. Zenaba ta leƙa, sai ga wata mace fara sol, hanci kamar biro, fuska sumul babu ko ɗigo, tana magana da muryarta.

"Ina zanena?"

"Ya tafi hutu," in ji Khadijatu tana dariya. "Haka kowa yake yi. Amare ba sa sayen ƙamshi a hannun wanda bai yi kama da amarya ba."

Gaskiyar magana, abin ya karɓe ta. Kafin damina ta wuce, ana kiranta daga Yola, daga Garwa, mai keke kullum yana ƙofar gida yana ɗaukar saƙo zuwa tasha. Kuma ya yi mata daɗi, babu amfanin ɓoyewa. Wace mace ce za a ce mata "kyakkyawa" sau ɗari a yini ta ce ba ta so? Har ta fara kauce wa madubin ɗakinta, don wayar ta fi shi iya magana.

A lokacin ne tsufa ya fara taɓa Alhaji Laminu. Yakan manta ya ci abinci, yakan kira jikokinsa da sunayen mutanen da suka daɗe a ƙasa. Mutum ɗaya ce ba ta taɓa ɓace masa ba, ita ce Zenaba. Yagana yake ce mata, don sunan mahaifiyarsa ta ci, kuma zanensu iri ɗaya ne.

Wata Laraba, tsohon abokinsa Bobboi ya biyo daga kasuwar shanu ya gaishe shi. Cikin murna Bobboi ya zaro waya. "Alhaji, ga 'yarka ta yi suna, har Kamaru an san ta!"

Tsohon ya matso da wayar kusa da idonsa. "Wannan ba tawa ba ce. Tawa tana da zane."

"Ita ce mana! Ji muryan."

Alhaji ya saurara. Muryar kam ta Yagana ce. Ya daɗe yana kallon fuskar, sannan ya ɗaga kai ya dubi Zenaba, wadda ke tsaye riƙe da butar shayi.

"To, in waccan ce 'yata, ke kuma wace ce?"

Ta ajiye butar a hankali don kada ta suɓuce. Tsoro ne ya kama ta, irin wanda ba ta taɓa ji ba. Kan tsohon nan ɗan wuri kaɗan ya rage a cikinsa, ba zai ɗauki Zenaba biyu ba, kuma ita ce da hannunta ta kawo ta biyun.

Ko mayafi ba ta gyara ba, ta isa shagon Khadijatu. "Cire min abin nan."

"Kin yi hauka? Mutane za su gudu."

"Su gudu. Nuna min inda ake kashe shi."

A ranar ta goge tsofaffin bidiyoyin gaba ɗaya. Washegari ta jingina wayar a jikin turmi, ta zauna cikin rana tsaka, gumi na bin zanen. "Sunana Zenaba Laminu," ta ce. "Wannan ce fuskata, wannan ne turarena. Turaren bai canza ba."

Bakin mutane kuwa ba ya da linzami. Wata ta rubuta, "Anti, kyanwa ce ta yakushe ki?" Wata ta ba ta shawarar man da zai goge zanen cikin wata guda. Wata uwar amarya ta fasa sayen turaren biki, wai an yaudare ta. Zenaba ta yi kuka a madafa, ta wanke fuska, ta sake jingina wayar a turmi. Haka ta yi kullum har sati uku. Wasu sun tafi ba su dawo ba, wasu sun tsaya, ba ta tsaya ƙirga su ba.

Duk tsawon kwanakin nan tsohon bai kira ta da suna ba, sai dai "baiwar Allah". Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ta ga hankalinsa a kwance, ta durƙusa gabansa ta miƙa masa wayar, da sabon bidiyonta a kai.

"Baba, duba min wannan."

Ya ɗora yatsa a kan gilashin, ya fara daga goshi, yana ƙirgawa a hankali yadda yake ƙirga shanu a da. Da ya kai tara sai ya ɗago, ya kai hannu kumatunta, ya shafa.

"Yagana," ya ce. "Ai na gaya wa Bobboi, tawa tana da zane. Ina kika shiga kwana biyu?"

"Ina nan, Baba. Na dawo."

Ta riƙe hannun nasa a fuskarta, tana jin sukarin da ta bari a wuta yana ƙonewa, ba ta tashi ba.