Daminar da Na Yi Ƙodago a Gonata

Ko me zan manta a duniya, ban da daminar da na yi ƙodago a gonar da na gada wajen mahaifina.

Wani sabon kamfanin gyaran riɗi ne a Maigatari ya ɗauke ni aikin kula da sito. Takardar ɗaukar aikin ta ce in fara a farkon watan shida. Lokacin kaina rawa yake, gani nake ni da fartanya mun yi hannun riga. Tun kafin ruwan shuka na je wajen Baffa, ƙanen mahaifina, a ƙauyenmu da ke ƙasar Sule Tankarkar, na ce na ba shi aron gonata na bana.

Ya dube ni ya ce, "Ɗana, ka fara aikin ne?" Na ce saura mako uku. Ya ce, "Ka dai san aron gona. In iri ya shiga ƙasa, sai kaka." Na ce na sani. Da baki kawai na sani.

Ranar da aka sa, na ci ado da sabuwar shadda na hau mota. Manajan ya karɓe ni da fara'a, ya ce inji bai iso ba, in dawo bayan mako biyu. Na dawo, ya ƙara mini biyu. A zuwa na huɗu ko kujera bai nuna mini ba, ya ce, "Malam, gaskiya sai sabon riɗi ya shigo bayan kaka. Yanzu me za ka tsare a siton, iska?"

Ban taɓa jin gajiya irin ta wannan rana ba. Ta gefen gonata motar ta biyo da ni, geron Baffa har ya kai gwiwa. A gida ga mata da 'ya'ya biyu, rumbu kuma ya kusa ƙasa. Na dai lura matata ta mai da tuwon rana kunu.

Na yi kwana uku ina juyi kafin na je wajen Baffa, ina ta kewaye-kewaye. Ya katse ni. "Gonarka ce. In ka ce in tashi, zan tashi. Amma gobe wa zai ƙara yarda da maganarka a garin nan?" Sai na ce, "To Baffa, a sa ni cikin 'yan ƙodago."

Haka na yi maimai da sauran aikin damina a gonar ubana, ana auna mini gero da yamma. Abokai in za su wuce sai su ɗaga murya, "Ranka ya daɗe mai sito, yau ba ofis?" In yi dariyar yaƙe, in ci gaba da sunkuyo.

Da kaka ta yi, Baffa ya turo amalanke ƙofar gidana, dammuna kashi biyu. Ya nuna na farko ya ce na mai gona ne. Ya nuna na biyu ya ce, "Wannan kuma na ɗan ƙodagon da bai kunyata ni ba."

Aikin dai na fara shi daga baya, har yau ma ina kai. Amma ban sake barin damina ta wuce ban yi shuka ba, don na koyi cewa ganin hadari ba ya sa a zubar da ruwan tulu.