Agalamin Kaka a Hanyar Ibohaman

Madawa

Ba a kira asuba ba muka tura Gwaggo daga ƙofar gidan Kawu Sama'ila. Gwaggo ita ce motarsa, tsohuwar kat-kat da ya saya a gwanjo ƙarshen shekarun saba'in, bayan masu ita sun fid da rai da ita. Ba ta tashi da makulli sai da turi, shi ya sa kullum a kan gangare take kwana. Tankinta da sabulu aka liƙe shi, radiyatarta kuwa garin taba Kawu yake zuba mata idan ta fara yoyo. Bai taɓa kai ta gareji ba. Ya ce wanda bai san halinta ba ɓata mata rai zai yi.

A baya muka ɗaure rago, muka jera goro da dabino da jarkar ruwa. Matata Hadiza ta haihu a gidan iyayenta a Ibohaman, kashegari da safe za a yi suna. Ɗan fari ne, saboda haka ban isa in nuna ɗoki ba, ko da kuwa cikina kamar ya fashe. Akwai kuma abin da na ɓoye wa Kawu don kunya. Na riga na aika wa surukaina cewa sunan mahaifin Kawu za a sa wa yaron, wato Kaka Idi wanda ya rene ni.

A bariyar fita gari, wato shingen bincike, wani zandarma ya haska ragon da tocila.

"Ina takardun wanga fasinja?"

"Shi ɗai ka da cikakkun takardu cikin motag ga," in ji Kawu. "Gobe za a duba mai su da wuƙa."

Zandarman ya yi dariya ya ɗaga mana ƙarfe.

Buza

Da hantsi muka shiga Buza, haƙoranmu sun gaji da kaɗuwa a kan jar hanya. Muka sha fura a bakin tasha. Kawu bai zauna ba sai da ya zagaya Gwaggo, ya taɓa kowace taya da bayan hannu, ya ƙara mata ruwa. Salansar motar ta kwance tana lilo, ya ɗaure ta da ragowar wayar da ke cikin akwatinsa. Ni dai ina ta duban rana.

"Gaggawar mi kake, Abdu?" ya ce. "Wa kake da shi Ibohaman?"

"Babu kowa, Kawu."

"To sha hurarka."

Gangaren dutse

Tsakanin Buza da Keita hanya tana hawa faƙo ta gangara kwari, duwatsu ko'ina. A wani gangare muka faɗa rami, sai muka ji ƙas! Gwaggo ta karkata hagu, ragon ya kama kuka. Kawu ya kwanta ƙarƙashinta ya duba. Da ya fito ya ce babban ƙarfen risor na baya, mai ɗauke da nauyin mota a kan taya, ya karye biyu. Idan muka matsa a haka, tayar za ta ja baya ta ci jikin mota.

Bazara ce, rana ta take, ba ƙauye a kusa, kuma ba ranar kasuwa ba ce balle wata mota ta biyo. Sai tunanin gobe ya zo mini. Na ga surukaina gobe sun tara jama'a, liman ya zauna, ba rago ba goro. Na ga Hadiza a ɗaki tana sauraron ƙarar mota.

Kawu ya sa kirik, wato jak, muka ɗaga ta, muka tokare da duwatsu. Ya saro reshen aduwa mai kauri, ya feƙe shi ya ɗora a kan karayar kamar ɗori. Saura abin ɗaurewa. Waya ta ƙare a Buza, igiyar rago kuwa ta kaba ce, ba ta jure girgiza.

"Ɗanyar hwata aka so," ya ce. "In ta bushe, riƙo takai awa ƙarhe."

Duk muka juya muka dubi ragon. Shi ma ya dube mu.

"A'a, Kawu!"

"Ashe dai kana da wani Ibohaman."

Ya buɗe bayan kujera ya ciro agalaminsa, fatar ragon da yake salla a kai. Na san ta tun ina rarrafe. Ta Kaka Idi ce, a kanta ya koya mini salla da Fatiha, ita kaɗai Kawu ya ɗauka ranar rabon gado. Ya shimfiɗa ya yi azahar a kai, ya ba ni na yi. Sannan ya naɗe ta ya tura cikin tasa ya zuba ruwa.

"Kawu, wagga ta Kaka ta hwa."

"Na hi ka sani. Kawo wuƙa."

Da ta jiƙa ta yi laushi, ya fara yanka daga gefe yana zagayawa, tsiri ɗaya dogo bai katse ba. Bai yi mini ba'a ko ɗaya ba har ya gama. Muka naɗe itacen da ƙarfen, yana ja ina dannewa da ƙafa. Abin da ya rage tsakiyar fatar ne, inda zaman Kaka ya cinye gashin, faɗinsa bai wuce faifai ba. Kawu ya jefa shi akwatin ƙarafa, ya ce zai yi amfani wajen faci.

Daga nan sai jira, kuma shi ya fi komai wuya. Na ce mu tafi, ya ce fata ba ta bushe ba. Ya hura gawayi ya dafa shayi, ya shayar da rago. Ni kuwa ina tashi ina taɓa ɗaurin kamar mai duba tuwo. Sai bayan la'asar ya ƙwanƙwasa da spana, ya ji ta yi ƙarar itace, ya ce bismilla.

Keita

A hankali muka lallaɓa, mai jaki ma ya so ya wuce mu. Da magariba muka shiga Keita, wani abokin Kawu ya sauke mu a zaurensa, aka kawo tuwon dawa da miyar kuka. Abokin ya ce a bari gobe maƙeri ya duba ƙarfen. Kawu ya ce gobe Gwaggo tana da suna.

Ibohaman

Rana na fitowa muka tsaya a ƙofar gidan, an riga an shimfiɗa tabarmi. Aka sauke rago, aka raba goro. Ni na raɓe bayan Gwaggo kamar yadda ya kamata uban ɗan fari ya yi. Daga can na ji liman ya yi addu'a, sai mai shela ya ɗaga murya: "Sunan yaro Idirisu!"

Kawu yana cikin jama'a. Ya shafa fatiha, hannunsa ya daɗe a fuskarsa. Sai ya taso ya zo wurin mota, bai dube ni ba. Ya buɗe akwatin ƙarafa, ya ciro guntun agalamin, ya goge masa baƙin mai da hannun rigarsa. Ya kira wata tsohuwa ya miƙa mata.

"Ki kai ciki, a shimhiɗa ma Baba. Ki ce mai ya yi haƙuri, sauran ita ta kawo mu."

Ban san lokacin da hawaye suka zubo mini ba.

Komawa

Bayan an watse muka juyo gida. Maƙerin Keita ya duba ɗaurin ya ce a bar shi haka, kuma da shi Gwaggo ta kawo mu Madawa lafiya. Na gode wa Allah, na gode wa mutanen Keita da suka sauke mu. Da na buɗe baki zan gode wa Kawu, sai ya ce in sauka in tura, ba a kan gangare ya tsaya ba.