Ranar da Hajiya Tsahara ta zube ɗanyen wake a teburin majalisa

Har yau ban manta da ranar da muka zauna kan maganar sakin gonaki ba, a kakar shekarar 2005. Shekarata ɗaya ke nan a matsayin sakataren wata kwamin, wato ƙaramar hukuma, da ke yankin Konni, bayan na gama jami'a a Yamai. Aikina shirya takardun zaman majalisa da rubuta abin da aka yanke, kuma kullum cikin fargabar kuskure nake yin sa.

Ga wanda bai sani ba, kowace shekara akan sa ranar da za a saki gonaki, wato ranar da dabbobin makiyaya za su iya shiga su ci kara. Mu a majalisa mukan ba da ranar da muke so, a aika wa perfe, wakilin gwamnati a yankin, ya amince. Daga ranar nan, duk abin da dabba ta ci, ta ci banza. A garinmu kuwa an saba, da hatsin gandu ya shiga rumbu sai a saki.

Tun kwana uku kafin zaman, magajin gari ya faɗa mini ranar, na buga takarda, saura sa hannu.

Cikin kansiloli goma sha ɗaya, mace ɗaya ce, Hajiya Tsahara, mai sayar da daddawar batso a kasuwa. Ba ta yi lakwal ba, wato karatun boko. Wasu na cewa don cike gurbin mata kawai aka sa sunanta. Ina jin kunyar faɗa, amma ni ma kusan haka na ɗauka, don shekara guda ban rubuta wata magana tata mai tsawo ba.

Da aka zo kan batun, sai ta kwance wani ƙunshi, ta bi teburi tana aje wa kowa kwanson wake kore shar da ɗanyen kan yakuwa. Har da ni.

Wani kansila, Alhaji Dodo, ya ce, "Hajiya, talla kika kawo muna? Nawa nawa?"

"Kyauta ne, Alhaji. Naka ma daga gamanar uwar ɗiyanka na tsinko shi da safe. Ɓare ka gani in ya isa rumbu."

Aka fashe da dariya. Ya ɓare, ruwa ya jiƙa masa yatsa.

Sai ta yi bayani. Gamana ita ce 'yar gonar da maigida ke yanka wa matarsa. Mace ba ta taɓa tata sai an gama da gandu, don haka nata amfanin kullum shi ke baya. "Kowace shekara kuna sakin gonaki kan wakenmu da yakuwarmu. Da su muke miya, da su muke sayen sabulu. Ƙarin kwana goma sha biyu muke so."

Magajin gari ya ce, "Hajiya, shanu na bakin daji suna jira. In mun tsare su, faɗa za a yi." Gaskiyarsa ce, ni ma abin da nake tsoro ke nan.

Ta juya wajen Arɗo, shugaban makiyayan yankin, wanda aka gayyato zaman. "Arɗo, gaya musu abin da munka yi."

Ashe sau biyu ta hau amalanke ta je rugarsa. Arɗo ya ce sun daidaita: gonakin tudu na arewa, inda gero ne zalla, a sake su a ranar da aka sa. Na gefen fadama, inda gamanun mata suke, a jira. In mata sun roro wakensu, su bar harawar a gona. "Harawa ta fi kara," in ji shi. "Ni ban yi asara ba."

Magajin gari ya ɗaga takardata. "To ai an riga an buga. Sakatare, mi doka ta ce?"

Shi ne shugabana, kuma na san amsar da yake so. Na buɗe littafin doka, ko da yake na san wurin da ka. Na ce, "Ranka ya daɗe, a iya fahimtata, sai dai in na yi kuskure, takardar nan ba kome ba ce sai majalisa ta ɗaga hannu."

Hajiya ta ce, "Ɗana, cire 'sai dai' ɗin nan, ka faɗi da ƙarfi."

Na sake faɗa, da ɗan ƙarfi.

Aka ɗaga hannu. Na ƙirga takwas, na sake ƙirgawa don kada in yi kuskure. Na takwas ɗin Alhaji Dodo ne, yana cewa, "In ban ɗaga ba, yau ba ni cin tuwo gidana."

Na sake buga takarda da ranaku biyu, perfe ya amince. Ban ce ba a sami ko gardama ɗaya a daji ba, amma ba wadda ta iso buro, wato ofishinmu. Da kujerar mataimakin magajin gari ta faɗi bayan shekara biyu, Hajiya Tsahara aka zaɓa, kuma Alhaji Dodo ne ya kawo sunanta.

Abin da na koya nake gaya wa sababbin ma'aikata: wanda ya yi shiru a majalisa, watakila gona yake zuwa ya duba. Ni dai tun daga ranar ban ƙara buga kwanan wata a takarda ba kafin a ɗaga hannu. Nakan bar wurin fari.