Littattafan Elim Uku a Hannun Anti Ceinwen

Anti Ceinwen Roderick ba ta taɓa buɗe wa kowa ƙofa gaba ɗaya ba. Za ta zare sakata, ta bar sarƙa, ta leƙo da ido ɗaya ta ce, "Wa ya aiko ka?" Haka take yi wa mai kawo wasiƙa, haka take yi wa likita, haka ta yi wa fasto na ƙarshe da muka yi a Nantglas har ya bar garin. Ba 'yar'uwarmu ba ce ta jini, amma duk yaran layinmu Anti muke kiranta, kuma duk muna tsoronta.

An haife ta a 1912. Mahaifinta, Elis Roderick, mai fasa dutse ne, kuma shi ne magatakardan majami'ar Elim shekara talatin da wani abu. Mahaifiyarta ita ce ungozomar ƙauyen, ita ce kuma mai wankan gawa, saboda haka babu gidan da ba ta shiga ba. Ceinwen ba ta yi aure ba. An taɓa sa mata rana da wani direban motar madara, sai wata Talata ya ce mata daga garin Bala yake, ta dubi takalminsa ta ga jar laka, alhali lakar Bala baƙa ce. Ba ta tambaye shi komai ba, ta mayar masa da zobensa a cikin kwalin ashana. Shekara arba'in tana sharar Elim da goge kujerunta. Da idon mahaifinta ya mutu, ita ta riƙa rubuta masa rajista yana faɗa mata, bayan rasuwarsa kuma babu wanda ya yi ƙarfin halin karɓar littattafan daga hannunta.

Littattafan uku ne: na baftisma, na aure, da na binne mamata. Na farkonsu tun 1826 aka buɗe shi. Mu mutanen majami'a ba mu taɓa kai sunayenmu cocin Anglika ba, don haka duk wanda aka haifa ko ya mutu a cikinmu, idan ba ya cikin waɗannan uku, sai a ce bai taɓa zama a Nantglas ba.

A 1983 aka rufe Elim. Mutum bakwai suka rage, rufin kuma yana yoyo a kan mumbari. A lokacin ina aiki a ma'adanar takardun tarihi ta gunduma, sai shugabana, Mista Anwyl, ya kira ni ya ce, "Nesta, ai garinku ne. Ki je ki karɓo mana littattafan nan kafin danshi ya cinye su."

Na je da rana tsaka, ranar Laraba. Ido ɗaya ya leƙo.

"Wa ya aiko ki?"

"Anti, ni ce, Nesta 'yar Gwilym."

"Na san ke ce. Ina nan aka yanke miki cibiya. Na ce wa ya aiko ki?"

Na yi mata bayani: ɗaki mai sanyi, babu danshi, babu ɓera, kowa ya zo neman kakanninsa zai samu.

"Kowa?" in ji ta. "Har da 'yan coci?"

"Har da su, Anti."

"To, kin ji. Shekara ɗari da hamsin suna son ganin abin da ke ciki, yanzu sun samu 'yar Gwilym ta ɗauko musu a jaka." Ta rufe ƙofa.

Ina gangarowa na haɗu da Mista Trefor Pugh, dattijon majami'a na ƙarshe, yana jingine da sandarsa a bakin shagon burodi, kamar dama ni yake jira.

"Ba ta ba ki ba, ko?" ya ce. "Ba za ta ba ki ba. Ni kaina rabona da ganin cikin littattafan nan tun 1961. Mace ba ta ɓoye abu haka kawai, 'yar nan. Ta taɓa su. Ki rubuta ki ajiye, ta taɓa su."

Na ɗauki maganar a matsayin tsohuwar gaba, don kowa ya san Roderick da Pugh ba sa shan shayi tare tun rikicin shingen gona na kakanninsu. Amma maganar ta zauna mini. Da na koma karo na biyu ta bar ni na shiga kicin, ta ba ni shayi da burodi mai zabibi, ta zauna tana kallon jakata har na tashi. Ko kalmar littafi ba ta bari na furta ba. A hanya na kama kaina ina tunanin ko ta yage wasu shafuka ne, ko ta sayar wa Amurkawan nan masu neman asali, ko ma ɓera ya riga ya gama da su tana jin kunyar faɗa.

Sai a zuwa na biyar, bayan wata takwas, ta ce, "Je ki wanke hannunki. Da sabulu, ba irin wankin gidanku ba."

Ta hau sama ta sauko da rigar matashin kai, ta zaro littafin baftisma ta ajiye a kan tebur. Ba ta zauna ba, ta tsaya a bayana ina jin numfashinta. Takardar lafiya lau, babu yaga, babu danshi. Na yi ta buɗewa ina jin kunyar zargin da na yi mata, har na kai shekarar 1923. A can gefen shafi, tsakanin rubutun mahaifinta mai baƙin tawada, ga wani layi da shuɗin biro. A 1923 kuwa babu biro. Na buɗe gaba, ga wani a 1926, ga biyu a 1929.

"Anti, wa ya rubuta waɗannan?"

"Kin san hannun."

"Amma ai ba a ƙara abu a rajista. Duk wanda ya ga wannan zai ce littafin gaba ɗaya ba abin yarda ba ne."

"Da can abin yarda ne?" Ta ja kujera ta zauna a karon farko. "Karanta wancan."

Na karanta: Dilys, 'yar Lowri Tegid, an yi mata baftisma a kicin ɗin Roderick, 9 ga Maris 1926.

"Lowri aiki take a wani gida, ta yi ciki. Ranar Lahadi da yamma dattawa suka tsayar da ita gaban jama'a suka kore ta daga majami'a. Ina wurin, shekarata goma sha uku. Da ta haihu, Mama ta kira fasto ta ƙofar baya, ya zuba wa jaririyar ruwa a kan teburin nan da kike dafawa. Dattawa suka ce kada a rubuta. Baba bai rubuta ba, kuma abin ya dame shi har ya mutu. A littafin binnewa akwai jariran da suka zo babu rai, aka binne su a gindin katanga ba suna, ba wa'azi. Hunturun da Mama za ta rasu, kullum bayan abincin rana sai ta ce in ɗauko littafi. Tana faɗa ina rubutawa. Ashirin da uku ne duka."

Raina ya sosu, amma aikina ya koya mini kada in yarda da labari don ya sosa rai. Na kwafe sunayen a gabanta, tana bin alƙalamina da ido, na tafi na yi wata biyu ina neman su a takardun haihuwa da mutuwa na gwamnati. Ashirin da ɗaya na same su, ranakunsu sun dace, wasu da bambancin kwana ɗaya ko biyu. Biyu ban samu ba.

Abin da ya fi damuna shi ne gurbin sunan uba. A yawancinsu ta bar shi fayau. A huɗu ta cike. A layin Dilys ta rubuta: Owen Pugh, dattijon majami'a. Mahaifin Mista Trefor ke nan. Takardar gwamnati ba ta ambaci uba ba, don haka babu abin da zan gwada maganar da shi.

"Anti," na ce mata, "wannan daga bakin mahaifiyarki ne, ko daga rikicin shinge?"

Ta dube ni har na sunkuyar da kai. "A gidan wa Lowri take aiki? Je ki bincika, tunda bincike kika iya."

Na bincika. A gidan Pugh take. Amma zama a gidan mutum ba shaida ba ne, kuma na gaya mata haka.

Duk da haka, a ƙarshe ta yarda ta ba da littattafan bisa sharaɗi uku: kada a goge ko harafi ɗaya, ita za ta kai su da hannunta, kuma duk ranar da ta ga dama za ta zo ta duba. Mista Anwyl ya yi kwana biyu yana juya maganar, sannan ya karɓa, ya sa a rubuta a cikin jerin kaya cewa layukan biro ƙarin C. Roderick ne na shekarar 1962, daga bakin mahaifiyarta. Anti ta zo a bas ɗin safe da rigar matashin a cinya, ta ƙi ba mai gadi ya riƙe mata. Ta karanta takardar karɓa sau uku kafin ta sa hannu.

Ba a yi sati biyu ba Mista Trefor ya zo ya nemi littafin baftisma. Kai tsaye ya buɗe 1926, bai yi lalube ba, abin da ya sa na fara tunanin ko dama ya san inda zai duba. Fuskarsa ta yi ja.

"Ƙarya ce! Sharrin tsohuwar nan ne. A yanke shafin nan, ko in kai ku kotu."

Mista Anwyl ya ce ba a yanke komai a nan, amma idan yana so ya rubuta musantawarsa, za a ajiye ta tare da littafin. Ya rubuta shafi huɗu. Suna nan har yau a akwati ɗaya.

Anti Ceinwen kuwa duk Litinin ta farkon wata tana tafe. Za ta ƙirga shafukan ɗaya bayan ɗaya, ta sunsuna bangon, ta nemi ganin sunayen waɗanda suka duba. "Wannan Baturen Ingilan me ya haɗa shi da mamatanmu?" "Wannan ya ci lemo kafin ya taɓa, ga alama nan." Sau ɗaya ta zarge ni da canza igiyar da ake ɗaure akwatin, kuma gaskiyarta ne, na canza.

A bazarar 1986 wata mata 'yar shekara sittin ta zo daga Liverpool, Turanci kawai take yi, ba ta jin harshenmu sai kalma biyu uku. Ta ce sunanta Misis Dilys Harker, mahaifiyarta ta rasu ba ta taɓa gaya mata komai ba sai sunan Nantglas. Ta riga ta je cocin Anglika ba ta samu komai ba. Na kawo mata littafin. Ta daɗe tana kallon layin shuɗin, sannan ta ce, "Ashe an yi mini baftisma. Duk rayuwata ina zaton ba a yi ba."

Na kai ta gidan Anti. Ido ɗaya, sarƙa a maƙale.

"Wa ya aiko ta?"

"Anti, 'yar Lowri Tegid ce."

"In ji wa? Kowa ma zai iya cewa haka. Tambaye ta, wane hannu Lowri take ɗinki da shi?"

Na fassara. Matar ta ce, "Hagu. Kuma ƙaramin yatsanta ba ya miƙewa."

Ƙofar ta rufe, muka ji an zare sarƙa. Ta zaunar da ita a teburin, ta nuna mata daidai inda aka kwantar da ita, ta fito da kwanon da aka zuba ruwan. Suka yi awa biyu ina fassara. Amma da muka tashi, na ga Anti tana ƙirga cokulan shayinta.

Daga nan Misis Harker ta ce ita za ta je gidan Pugh. Na hana ta, ta ƙi. Na tsaya a bakin titi ina kallo. Mista Trefor ya buɗe, ta yi magana, ya tsaya yana kallon fuskarta kamar minti guda, sannan ya matsa gefe ta shiga. Ta fito bayan minti arba'in da wani hoto a ambulan, ba ta nuna mini ba, ban kuma tambaya ba. Bai janye takardarsa ba, bai kuma sake maganar kotu ba. Shi da Anti ba su gaisa ba har ya rasu.

Layuka biyun da ban samu ba suka ci gaba da damuna. Ɗaya na 1929 ne, wataƙila an rubuta shi a wata gunduma. Ɗayan yana cikin littafin binnewa: yaro namiji, Disamba 1934, gindin katangar arewa, babu sunan uwa, babu na uba. Mahaifiyar Anti da ta san kowane gida ba za ta manta uwar ba. Wata tsohuwa ta ce mini a shekarar nan Ceinwen ta yi wata biyar ba a gan ta a majami'a ba, an ce ciwon ƙirji ne. Wata kuma ta ce wata ƙanwar Ceinwen ce ta yi ciwon, ba ita ba.

A 1990 aka kwantar da Anti a asibiti. Na je duba ta da yamma, na kai mata inabi, ta juya su ta ce wa ya wanke. Muka yi hirar gari. Can na ce, "Anti, yaron nan na 1934, na wa ne?"

Ta dube ni da idon nan nata. "Da kina yarinya kin fi hankali," in ji ta. Sai ta ɗaga murya ta kira nas, ta ce a duba ƙarƙashin gado, don tun safe take zargin matar gadon kusa ta ɗauke mata silifa.

Bayan kwana tara ta rasu. An binne ta a maƙabartar Elim kusa da iyayenta. Misis Harker ta zo daga Liverpool a jirgin ƙasa, ta tsaya har aka gama rufe kabarin.